Koyon Hawan Igiyar Ruwa a Gaɓar Waikiki: Abin da Darasin Farko Ya Ƙunsa

Hawan igiyar ruwa tsohuwar al'ada ce ta mutanen tsibiran Hawai, wadda suke kira he'e nalu. Duke Kahanamoku, ɗan asalin Honolulu da ya ci lambar zinare a ninƙaya a gasar Olamfik ta 1912, yana daga cikin waɗanda suka yaɗa ta a duniya. A yau baƙi masu yawon hutu kan fara koyonta a gaɓar Waikiki, inda ya taso.

Dalilin zaɓen wannan gaɓa shi ne yanayin ƙasan tekun. Ruwan ba shi da zurfi sosai, kuma duwatsun murjani na shimfiɗe nesa da gaɓa. Saboda haka igiyar kan karye a hankali, ta yi doguwar tafiya kafin ta mutu, abin da ke bai wa ɗan koyo sararin miƙewa.

Darasin yana farawa ne a kan yashi. Malami kan nuna yadda ake kwanciya rub da ciki a tsakiyar allo, da tuƙi da hannuwa, da zabura a tsaya lokaci guda, gwiwoyi a lanƙwashe, ido na duban gaba. Akan bai wa ɗan koyo dogon allon soso mai kimanin ƙafa 8 zuwa 9, domin ya fi tsayuwa daram a kan ruwa, kuma bugunsa bai cika yin rauni ba. Akan ɗaure allon da idon sawu don kada ya kuɓuce ya bugi wani.

Sai dai mafi nauyin darasin shi ne sanin halin teku. Akwai wata siririyar hanyar ruwa da ke kwarara da ƙarfi daga gaɓa zuwa cikin teku, wadda gudunta kan kai mita 2.5 a daƙiƙa guda. Wanda ta ja, idan ya yi kokawa da ita kai tsaye, gajiya za ta iya halaka shi. Abin da ake koyarwa shi ne ya riƙe allonsa, ya natsu, ya tuƙa zuwa gefe daura da gaɓa har ya fita daga cikinta.

Akwai kuma ladabin hawa: wanda ya fi kusa da inda igiya ta fara karyewa shi ke da ita, sauran su ba shi hanya. Kiyaye wannan ƙa'ida ne ke hana karo a wurin da mutane suka yi cincirindo.