Idan Takardar Gwajin Zuciya Ta Nuna Matsala

Mutum ya je asibiti neman takardar shaidar lafiya don ɗaukar aiki. Aka kwantar da shi, aka manna masa wayoyi goma, shida a ƙirji, huɗu a hannuwa da ƙafafu. Kafin ya gama mayar da riga, na'ura ta turo takarda mai layuka kamar haƙoran zarto, a samanta an buga kalmar Turanci ɗaya: "abnormal". Daga ranar abinci ya daina shiga.

Wannan gwajin shi ne ECG, wanda Willem Einthoven ɗan ƙasar Holan ya samu kyautar Nobel a kansa a 1924. Aikinsa ɗaukar lantarkin da ke sa zuciya bugawa, kuma na kamar daƙiƙa goma kacal. Kalmar nan mai tayar da hankali kuwa sau da yawa ba likita ne ya rubuta ta ba. Kwamfutar cikin na'urar ce, ita kuwa akwai ta da yawan zargi. Waya ta goce, ko mutum na rawar sanyi, sai ta ce akwai matsala. Bugun babban mutum a zaune tsakanin 60 ne da 100 a minti, amma ɗan ƙwallon da ya saba gudu yakan sauka 50 lafiya lau. Siririn saurayi ma, musamman baƙar fata, layinsa kan yi tsini har na'ura ta ce zuciyarsa ta yi kauri, a duba a tarar babu komai.

Shi ya sa likita ke duban mai takardar kafin takardar. Shekarunka nawa? Kana da hawan jini ko ciwon suga? Kana haki in ka hau bene? Akwai wanda ya yanke jiki ya faɗi ya rasu da ƙuruciya a danginku? Amsar waɗannan ke nuna ko a sallame ka ko a ƙara bincike. Ana iya tura ka hoton zuciya, wanda ake shafa mai a ƙirji kamar na masu juna biyu, a ga yawan jinin da take turawa a kowane bugu. Kashi 55 zuwa 70 cikin 100 na jinin da ke cikinta daidai ne. Ƙasa da 40, ta yi rauni. Mai faɗuwar gaba da ke zuwa tana tafiya akan rataya masa ƙaramar na'ura ya wuni ya kwana da ita. Idan aka kama bugu mara tsari da ake kira AF, ba a wasa da shi ko da babu ciwo, don yana ninka haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan sau biyar.

Akwai inda ba a jiran ranar ganin likita: nauyi a ƙirji kamar an ɗora dutse, yana sauka hannu ko haɓa, ga zufa, ko suma. Nan asibiti ake nufa a take, a auna sinadarin troponin a jini, a sake bayan 'yan sa'o'i, domin na farko yakan fito lafiya alhali tsokar zuciya ta fara lalacewa.

Mai jego ita ma tana cikin wannan sahu. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan raunin zuciya bayan haihuwa, suka alaƙanta shi da wankan ruwan zafi da kunun kanwa, wadda gishirinta ke tara ruwa a jiki. Idan ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya kwanciya sai ta jingina, a daina cewa gajiyar haihuwa ce. Hoton zuciya take buƙata, ko da ECG bai nuna wani abin a zo a gani ba.

Tsohuwar takardar ECG kuma kada a jefar da ita, da ita likita zai gwada sabuwa ya gane abin da ya sauya. Rubutunta yana dushewa kamar na rasidin POS, gara a ɗauke ta a waya tun ranar.