Martini, Garejin Da Ya Yaye Zakaru

Mu a Tirmini, da muke bakin titin Damagaram zuwa Maraɗi, mota ta kaya ce da fasinja, darajarta yawan abin da ta ɗauka. To akwai wata irin mota da ba ta ɗaukar kowa sai direbanta: kujera ɗaya, babu rufi, tayoyi a waje, cikinta kusan yana shafar kwalta. Da ita ake tseren Formula 1. Amma ba a shiga nan kai tsaye. Yaro yakan fara da ƙananan ajujuwa: a da Formula Renault, sai Formula 3, sai Formula 2. Masu ƙera motocin waɗannan ajujuwa ba kasafai ake jin sunansu ba, kuma wannan rashin adalci ne a ganina.

Cikinsu wanda ya fi shiga raina shi ne Tico Martini. An haife shi a Italiya a 1934, ya tashi a tsibirin Jersey, bakanike ne. A 1963 ya koma Magny-Cours, a tsakiyar Faransa, inda iyalin Knight suke da makarantar koyon tsere wadda daga baya aka sa wa suna Winfield. Aikinsa shi ne kula da motocin ɗalibai. Ɗalibi kuwa kowa ya san halinsa: yau ya ƙone kuloci, gobe ya faɗa ciyawa. Wanda ya shekara yana gyaran ɓarnar ƴan koyo ya san inda mota take karyewa, ya san abin da sabon hannu yake bukata. Da Martini ya fara ƙera tasa, sai ya yi ta mai ƙwari, mai sauƙin saiti, wadda ƙaramar ƙungiya za ta iya saye ta kuma gyara da kanta.

Sakamako bai daɗe ba. Jacques Laffite ya ci gasar Formula 2 ta Turai a 1975 cikin Martini mai injin BMW. René Arnoux ya maimaita a 1977 da injin Renault. Alain Prost, wanda daga baya ya zama zakaran duniya sau 4, a makarantar Winfield aka gano shi, a motar Martini ya mamaye Formula Renault ta Faransa a 1976, a cikinta kuma ya ɗauki kofin Formula 3 na Turai a 1979.

A 1978 Martini ya gwada babban fage. Ya ƙera MK23, ya sa Arnoux a ciki, suka shiga Formula 1 da mota ɗaya tak da kuɗi kaɗan. Ba su wuce na 9 ba, a zamanin da shida na farko kawai ake ba maki. Kafin gasar shekarar ta ƙare ya janye, ya koma ƙananan motocinsa. Ban ɗauki wannan a matsayin kunya ba. Shekara 6 bayan haka Ivan Capelli ya sake kawo wa gidan kofin Formula 3 na Turai.

Abin da ya rage masa kasuwa daga baya shi ne kamfanonin Ralt da Reynard na Ingila, sannan Dallara ta Italiya, wadda ta ƙwace Formula 3 kusan baki ɗaya daga 1993. A 2004 ya sayar wa Guy Ligier kamfanin.