Tauraron da ya ƙi fashewa a cikin kwamfuta

Ranar 23 ga Fabrairun 1987, na'urorin da aka binne a ƙarƙashin ƙasa a Japan da Amurka da Tarayyar Sobiyet suka kama wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira nutirino, guda ashirin da 'yan kai, cikin daƙiƙa 13 kacal. Bayan kamar sa'a uku sai ga hasken wani ƙaton tauraro da ya tarwatse, hasken da ya shafe shekara 168,000 yana tafe. Aka raɗa masa suna SN 1987A.

Masana sun daɗe suna jiran irin wannan rana, domin tun 1966 Stirling Colgate da Richard White suka fara lissafa mutuwar manyan taurari a kwamfuta. Tauraron da nauyinsa ya ninka na rana sau takwas ko fiye yana narka haidurojin ya koma hiliyom, daga nan kabon, oksijin, silikon, har ya kai ga ƙarfe. Nan wutar take mutuwa, don ƙarfe ba ya ba da zafi. Kafin ƙiftawar ido cibiyar ta rufta, kuma kashi 99 cikin 100 na ƙarfin ya fice a matsayin nutirino.

Sai dai a kwamfuta tauraron yakan ƙi fashewa. Igiyar fashewar takan taso, ta cije a hanya. A 1985 Hans Bethe da James Wilson suka nuna cewa zafin nutirino ne yake sake ingiza ta, har ta watsar da oksijin da kalsiyom da sauran sinadarai cikin sararin samaniya.

SN 1987A ya gaskata lissafin a wani wuri, ya ƙaryata shi a wani. Haskensa ya riƙa dushewa daidai da yadda kobal ke rikiɗewa ya zama ƙarfe, rabi a duk kwana 77. Amma alamar kobal ɗin ta bayyana watanni kafin lokacin da aka zata, wato cikin tauraron ya dagule kamar tukunyar da ke tafasa, abin ƙasa ya taso sama. Wannan saɓanin ya fi daidaiton amfani, don shi ya tilasta wa masana daina ɗaukar tauraro a matsayin dunƙule mai santsi. Yanzu a Cibiyar Max Planck ta Jamus da Jami'ar Princeton ana lissafa fashewar ta kowace fuska, aikin da kan cinye watanni a manyan kwamfutoci.

A 2024 madubin hangen nesa na James Webb ya gano alamar da ke nuna cewa ruftacciyar cibiyar tana nan a tsakiyar ƙurar da SN 1987A ya bari.