Me Ya Sa Ɓera Ba Ya Cin Guba Sau Biyu?

Da an gama kaka, an zuba gero da dawa a rumbu, sai manoman ƙasar Makoɗa su buɗe sabon yaƙi, wato da ɓera. A sayo shinkafar ɓera, a cuɗa da garin ƙuli-ƙuli. Daren farko a tsinci mushe biyu ko uku, daga nan shiru, alhali ɓarna na ci gaba. Wasu su ce maganin jabu ne, wasu su ce ɓera ya yi wayo. A matsayina na ɗalibin harshe, kalmar "wayo" ba ta gamsar da ni ba. Abin ya fi kama da ƙyama, irin wadda mutum kan yi wa abincin da ya taɓa ɓata masa ciki.

Tun 1966 masanin Amurka John Garcia ya nuna cewa ɓeran da ya ɗanɗana baƙon abinci, sannan ya yi ciwo, ko da an jima tsakani, yakan guji ɗanɗanon nan daga karo ɗaya tak. Ɓera ba ya iya amai, don haka ɗan kaɗan yake fara lasa, ya saurari cikinsa.

To, ina saƙon ke bi? A 2018 ɗakin binciken Richard Palmiter da ke Jami'ar Washington ya gano wasu ƙwayoyin jijiya a gindin ƙwaƙwalwa, masu ɗauke da sinadarin CGRP, da ke kai labarin ciwon zuwa amigdala, sashen da ke riƙe darasin tsoro. Da aka toshe su, ɓeraye suka kasa koyon ƙyamar. A 2025 kuma masu bincike a Jami'ar Princeton suka nuna cewa in saƙon ya iso, ko bayan minti 30, yakan sake tayar da ƙwayoyin da suka adana sabon ɗanɗanon, a ɗaura masa laifin.

Mai karatu, nan damuwata take. Manomin da bai san haka ba ƙara yawan guba yake yi, ya baza ta a tsakar gidan da kaji ke kiwo, yara ke rarrafe. Ɓeran da ya tsira kuwa, wanda zai iya zama mai yaɗa zazzaɓin Lassa, ba zai kusance ta ba.

Shi ya sa magunguna masu tsinka jini, irin warfarin, suka fi tasiri: sai bayan kwanaki suke kashewa, ƙwaƙwalwa ta rasa abincin da za ta zarga. Su ma dai guba ne, sai a boye su inda hannun yaro ba ya kaiwa. Wannan bayani ne ya kamata malaman gona su kai Koguna da ƙauyukanta, da Hausa, kafin a rufe rumbuna.