Tambarin ƙungiya kamar shaidar dabba ne

A ƙasar Bader Gula, cikin gundumar Dakoro, makiyayi ba ya neman takarda kafin ya gane dabbarsa. Ba'abzine yana duban lalas a wuya ko a cinyar raƙumi. Bafillace yana duban yankan kunnen saniya. Ko dabba ta ɓace ta yi nisan kwana uku, wanda ya san shaidar zai ce: wannan ta gidan wane ce.

Yau ƙungiyoyin manoma, da na makiyaya, da na mata su ma suna son shaidarsu. Ana kiranta tambari. Ana buga shi a riga, da hula, da kallabi, da buhun iri, da takardar da ake naɗe cuku. Ana kuma sassaƙa shi a hatimi. Amma sau da yawa ƙungiya takan tara kuɗi da wahala, a kai aiki birni, a dawo da riguna 100 da zanen ya dagule. Kuɗi sun tafi, ba a samu abin da ake so ba. Galibi tun daga gida matsalar take farawa, domin an kai zanen da ba a shirya ba.

A YI KOYI DA MAKIYAYA

Shaidar dabba ba ta da tarkace. Layi biyu ne ko uku, ko da'ira, ko ƙugiya. Dalili a fili yake: ƙarfe mai zafi ba ya zana ƙananan abubuwa, kuma ana son a gane shaidar daga nesa. Haka tambari yake.

Idan an zauna taro, kowa yakan so a sa nasa. Manomi ya ce zangarniyar hatsi, makiyayi ya ce saniya, mata su ce ƙwaryar nono, wani ya ce rijiya, wani ya ce itacen gawo. In an zuba su duka wuri ɗaya, ba abin da zai fito. Gara a zaɓi abu ɗaya, in ya yi yawa biyu. Tutar Nijar, wadda aka amince da ita a 1959, ta isa misali: launi uku da da'ira ɗaya a tsakiya. Ɗan makaranta yana iya zana ta da ka.

Akwai gwaji mai sauƙi. A zana tambarin da baƙar tawada a farar takarda. Wani ya riƙe ta, sauran su ja baya taki 20. In tsohuwar da ba ta yi karatu ba ta faɗi abin da ke ciki, zane ya yi. Sannan a sāke zana shi ƙarami, daidai murfin kwalba. In har yanzu ana gane shi, zai yi a hatimi da gaban hula.

YADDA AKE BUGA RIGA

Daga Dakoro zuwa Maraɗi kimanin kilomita 120 ne, kuma a birni irin Maraɗi ake samun masu wannan sana'a. Kayan aikinsu ya yi kama da rariyar tankaɗe. Katako ne mai kusurwa huɗu, an ɗaure masa ƙyalle mai ƙananan huji. Ana toshe hujin da wani magani, a bar wurin zanen kaɗai a buɗe. Sai a aza katakon bisa riga, a zuba fenti, a ja shi da roba mai faɗi. Fenti ya bi ta inda aka bari, zane ya fito a riga.

Wanda ya san wannan zai gane abu uku.

Na farko, kowane launi da rariyarsa. Tambari mai launi huɗu yana cin rariya huɗu, kuma sau huɗu za a bi ta kan kowace riga. Kuɗin aiki yana ƙaruwa, haka ma kuskure, domin in rariya ɗaya ta goce, launi ya hau kan launi. Launi ɗaya ko biyu sun isa.

Na biyu, siririn layi yana toshewa ko ya tsinke. A yi layi mai kauri, a bar fili tsakanin layi da layi. Buhun leda ya fi riga kaushi, don haka zanen buhu ya fi son kauri. In kuma ɗinkin zare za a yi a hula, harafin da bai kai rabin santimita ba yakan cure, ba ya karantuwa.

Na uku, launin riga yana da magana. Baƙin fenti ba ya fitowa a shuɗiyar riga mai duhu. Rawaya a kan baƙar riga sai an fara shimfiɗa fari a ƙarƙashi, wato ƙarin aiki ke nan. A zaɓi launin riga tun kafin a zaɓi na fenti.

HOTON SALULA BA YA ISA

Nan ne aka fi yin hasara. Wani yakan ɗauki hoton tambari da salula, ya aika ta WhatsApp. A cikin salula hoton yana da kyau. Amma hoton salula ƙananan ɗigo ne jere, kamar ƙwayar hatsi da aka shanya a tabarma. Hatsin da ya rufe faifai ba zai rufe tabarma ba. In aka faɗaɗa ƙaramin hoto don ya cika ƙirjin riga, sai gefensa ya yi dishi-dishi. WhatsApp kuma yana rage nauyin hoto kafin ya isar da shi, sai ɗigon su ƙara raguwa.

Masu ɗab'i suna son ɗigo 300 a kowane inci, wato kusan 118 a santimita ɗaya. Tambari mai faɗin santimita 25 yana bukatar ɗigo kusan 3000 daga gefe zuwa gefe.

Abin da ya fi shi ne a kai ainihin takardar zanen, ba a naɗe ba, ba ta yi datti ba. A roƙi mai kwamfuta ya sāke zana tambarin da layi, irin zanen da suke kira bektoriyel. Wannan zane ba ɗigo ba ne. Ana iya ƙanƙanta shi ya shiga hatimi, a faɗaɗa shi ya cika bango, ba ya lalacewa. In ya zama dole a aika ta salula, a bi ta wurin aika takardu, kada a bi ta wurin aika hoto.

Launin da ake gani a gilashin salula haske ne, na riga kuwa fenti ne. Ba sa zama ɗaya. Wanda ke son kore irin na ganyen wake, ya tafi da ƙyalle mai wannan launi ya nuna.

A LURA DA HARUFFA MASU ƘUGIYA

Wannan aikin waɗanda suka yi yaƙi da jahilci ne. Hausa tana da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Ba kowane salon rubutun kwamfuta ke da su ba, kuma ba kowane mai bugu ya koyi rubutun Hausa ba. In ƙugiya ta faɗi, magana ta sauya. "Albarkar ƙasa" sai ta koma "albarkar kasa", kasa kuwa macijiya ce. "Maraba da baƙi" ta koma "maraba da baki". Mutum biyu masu karatu su duba harafi bayan harafi. In an sa ajami ko tifinar, a nemo wanda ya iya su ya duba.

Akwai abubuwan da ba a sa wa a tambarin ƙungiya. Tambarin ƙasa, mai rana da mashi da takubba biyu da zangarniyar hatsi uku da kan sa, na hukuma ne. Jan kuros da jan jinjirin wata na masu agaji ne, yarjejeniyar Janeba ta 1949 ta kare su. Ayar Alƙur'ani da sunan Allah ba su dace da buhu ko riga ba, domin buhu yana kwana a ƙasa, riga kuma tana zama tsumma.

KAFIN A BIYA

Kada a yarda a buga duka a tashi ɗaya. A ce a buga riga ɗaya tukuna. In ta bushe, a wanke ta da sabulu, a shanya a rana, a ja wurin zanen da hannu. In fenti ya tsage ko ya zuba, a yi magana tun da sauran lokaci. A rubuta a takarda yawan riguna, da launi, da faɗin tambari, da kuɗi, da ranar karɓa. A kuma kai aiki da wuri. Kusa da 13 ga Mayu, ranar matan Nijar, wadda ta samo asali daga jerin gwanon mata na 1991, masu bugu sukan yi fama da aiki, kuma gaggawa tana kawo kuskure.

In an gama, ƙungiya ta karɓi zanen kwamfutar, domin nata ne. A ajiye shi wurin magatakarda da wurin ma'aji, har da kwafi a takarda. Baɗi ba sai an sāke biyan kuɗin zane ba, kuma tambarin ba zai sauya kama ba.

Ƙungiyar da kayanta suka yi suna tana iya yi wa tambarinta rajista. Nijar tana cikin hukumar OAPI, wadda yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta kafa, mazauninta yana Yawunde a Kamaru. Rajistar tambari tana aiki shekara 10, ana kuma sabunta ta. Kilishin Nijar, da albasar Galmi, da cukun Nijar, da fatar jar akuyar Maraɗi duk suna cikin littafin wannan hukuma.

Makiyayi ba ya sauya shaidarsa kowace damina, shi ya sa ake gane ta. Kuma ba ya aza ta a dabbar da ba tasa ba. Buhun da ke ɗauke da tambari, in aka buɗe aka tarar da wake mai ƙwari, sunan ƙungiyar ne ya ɓaci a kasuwa. In aka tarar da na kirki, mai saye zai dawo yana neman buhu mai wannan alama. Saboda haka a gyara zane, a gyara abin da ke cikin buhu. Juma'ar da za ta yi kyau, tun daga Laraba ake gane ta.