Gyaran adda da sauya mata ƙota a Kiyeshe: bayani a taƙaice

A Kiyeshe, cikin ƙasar Arewa ta Dogon Dutsi, aikin adda yana tsananta ne a watannin Afrilu da Mayu, lokacin sassabe, sa'ad da ake sare sabara da geza kafin saukar damina. Addar da talaka ke saya a kasuwa ta masana'anta ce: ƙarfenta siriri, ƙotarta ɓare biyu da aka haɗa da ƙusa. A ganinmu, raunin yana ga ƙotar, domin zafin rani yana tsaga ta, ƙusoshi su saki, addar ta kuɓuce wa mai sara ta same shi a ƙwauri.

Maƙerin da ya san aiki ba ya sa ruwan addar a wuta. Ƙarfen ya riga ya sami taurinsa tun daga masana'anta, in ya yi ja sai ya yi laushi, kaifi ya daina zama. Da magagari ake rage tsini, a gyara baki, sannan a wasa bisa dutse.

Sabuwar ƙota kuwa daga busasshen icen aduwa ake sassaƙa ta, ko ƙirya in an samu. Ɗanye yana ƙanƙancewa ya saki ƙarfe. Ana huda ta daidai ramukan da ke gindin addar, a sa ƙusa a dake kanta, a naɗe da ɗanyar fata wadda ke matsewa in ta bushe. Wasu robar cikin tayar keke suke naɗawa: ta fi araha, amma rana tana cinye ta.