Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Ƙarancin Jini Da Aikin Tiyata

Jama'a, sau da yawa akan yanke wa mutum ranar da za a yi masa aiki a asibiti, ko na gwaiwa, ko maƙoƙo, ko ƙari a mahaifa, ko yoyon fitsari. Ya sayar da akuya, ya biya kuɗin mota, ya yi sallama da dangi. Da ya isa aka ɗebi jininsa aka auna, sai Likita ya ce, "Jininka bai isa ba. Koma gida ka sha magani, ka dawo bayan mako shida." Sai ran mutum ya ɓaci. Wani ya ce an wulakanta shi, wani kuwa ya yi fushi ya ƙi komawa har ciwon ya ci ƙarfinsa. To, ku sani Likita ba ƙin ku ya yi ba. Ranku yake tsarewa. Ga dalili.

Aikin jini a jiki

Babban mutum yana da jini wajen lita 5. Cikin jinin nan akwai jajayen ƙwayoyi ƙanana, waɗanda ido ba ya gani. Aikinsu shi ne su ɗauko iskar da muke shaƙa daga huhu, su kai wa kowace gaɓa. Kowace ƙwaya takan yi wajen kwana 120 sa'an nan ta mutu, jiki ya ƙera wata. Ba kuwa zai iya ƙerawa ba sai da sinadarin ƙarfe, wanda muke samu cikin abinci.

Ku ɗauka fatake ne da jakuna goma suke kai hatsi kasuwa. In biyar sun mutu, tilas sauran biyar su riƙa zuwa sau biyu, a guje. Haka zuciyar mai ƙarancin jini take, kullum cikin gaggawa, ko yana zaune.

Me ya haɗa wannan da tiyata?

Kome gwanintar Likita, ba a yanka jiki jini bai zuba ba. Mai cikakken jini ya rasa kwalba guda, jikinsa zai jure. Wanda da ma nasa kaɗan ne, wannan kwalba guda tana iya kai shi ga halaka. Maganin barci kuma da akan ba mutum lokacin aiki yakan rage ƙarfin gudun jini, ga zuciya ta riga ta gaji. Bayan aiki ma ba a tsira ba. Mai ƙarancin jini ya fi saurin samun ruwa a ɗinki, ya fi daɗewa a gadon asibiti, ya fi bukatar ƙarin jini. Duk wannan kuɗi ne da wahala ga iyali.

Yadda za ku gane

Ku ja fatar idon mutum ta ƙasa, ku duba cikinta da rana. In ja ce, madalla. In ta yi fari-fari, ku duba harshe da tafin hannu da farce. Sauran alamu su ne kasala, jiri, haki bayan ɗan aiki kaɗan, faɗuwar gaba, kumburin ƙafa, da sha'awar cin ƙasa. Amma mutum yana iya samun ƙarancin jini ba tare da ya ji kome ba. Awo ne kaɗai ke nuna gaskiya.

Abin da ake aunawa sunansa hemogulobin, watau jan abin da ke cikin ƙwayoyin nan. Bisa ga ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, namiji babba in nasa ya kasa 13, jininsa ya yi ƙaranci. Mace in ya kasa 12, mai ciki kuwa in ya kasa 11. A asibitocinmu za ku fi jin ana cewa PCV, wanda lambarsa takan yi kamar ninki uku na waccan. Ku tambayi lambarku, ku sa a rubuta muku a kati.

Ina jinin yake tafiya?

Ba a cika tulu mai yoyo sai an toshe kafar. Saboda haka Likita zai nemi sanadi tukuna. Zazzaɓin cizon sauro yana farfasa ƙwayoyin jini. Tsutsar ciki mai shiga ta ƙafa, in ana tafiya ba takalmi inda ake bayan gida, tana maƙalewa a hanji tana shan jini dare da rana. Tsargiya tana fitar da shi cikin fitsari. Ga basir mai jini, ga gyambon ciki, wanda yawan shan maganin ciwon jiki irin su asfirin ke tsananta shi. Ga mata kuma akwai yawan jinin al'ada da haihuwa kusa da kusa. Kada kunya ta hana uwargida faɗin gaskiya. In ta fi so, ta nemi ma'aikaciya mace ta gaya mata.

Abin da za a yi kafin ranar aiki

1. Ku sha ƙwayar ƙarin jini yadda aka umurta. Ba ta aiki dare ɗaya, sai mako huɗu zuwa shida kafin a ga canji sosai. Bayan gida zai yi baƙi, wannan ba abin tsoro ba ne. In lokaci ya ƙure, a wasu asibitoci akan ba da maganin ta jijiya.

2. Kada ku kora ƙwayar da shayi ko madara, gama suna hana ta shiga jiki. Lemon zaƙi, gwaiba da tumatir kuwa suna taimaka mata.

3. Ku ci hanta, nama, kifi, ƙwai, wake, gero, zogale da alayyafo. Maigida, in uwargida ce za a yi wa aiki, a bar mata tsokar miya a makonnin nan. Lemon kwalba da madarar gwangwani da wasu ke haɗawa ba ya ƙara jini, asarar kuɗi ce.

4. Ku kwana cikin gidan sauro, ku sa takalmi, ku sha maganin tsutsa in an ba ku.

5. Kada a yi ƙaho ko tsaga. Jinin da ake tarawa ne zai tafi a banza.

6. Mai amosanin jini, watau sikila, lalle ya gaya wa Likita tun farko. Kada ya sha ƙwayar ƙarfe sai an umurce shi.

7. Ku ɓoye ƙwayoyin nan inda yara ba za su kai ba. In yaro ya haɗiye su da yawa, guba ce mai kisa.

Maganar ƙarin jini

Ko da jini ya hau, in aikin babba ne za a ce a tanadi jini. Ku shirya 'yan'uwa biyu ko uku tun da wuri. Lafiyayyen mutum mai shekara 18 zuwa sama, mai nauyin kilo 50 ko fiye, yana iya bayarwa. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, jiki kuwa zai mayar da shi cikin 'yan makonni. Ba ya rage ƙarfin namiji, ba ya hana noma. Ana auna kowane jini domin ƙanjamau da ciwon hanta kafin a ƙara wa wani. Duk da haka, jinin da jikinka ya ƙera da kansa ya fi na aro.

Wanda ba ya jira

Duk wannan magana ta aikin da aka sa wa rana ce. In gwaiwa ta kumbura ta ƙi komawa, ga ciwo mai tsanani da amai, ko mai naƙuda ta kwana ta wuni ba ta haihu ba, ko jini ya ɓalle, ku ɗauki mutum ku kai asibiti nan take, ko cikin dare ne.

Manoma sun fi son a yi musu aiki da rani, don su warke kafin shuka. Shawara ce mai kyau. Amma ku tuna damina takan bar mutane da yawa da ƙarancin jini, saboda zazzaɓi da ƙarancin abinci. Don haka da an shiga kaka ku je a auna jininku, tun da sauran lokacin gyara. Allah ya ba mu lafiya, amin.